Kaset Mai Jan Zare

Samarin da ke tura waƙa a waya a bakin tasha sukan zo rumfata shan inuwa, kuma da wuya su tashi ba tare da ɗayansu ya ce, "Baba Lawwali, ku dai kun ci banza a zamaninku. Ka sa kaset nan, ka sa wani can, ka danna, shi ke nan." Bakinsu ya fi nawa sauri. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina iya riƙe biro. Shi ya sa na ce bari in rubuta musu yadda aikin yake, har da wurin da na ɓata shi da hannuna.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Maigida Ɗan'azumi, nan bakin kasuwar Daura, kaset ne na wata tsohuwa wanda rediyo ya tauna. Ta kawo shi ƙulle a gefen zane, zaren ya fito ya cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Maigida ya nuna mini yadda ake kwance 'yan kusoshin, a buɗe kaset ɗin a kan farin ƙyalle, a yanke wurin da ya lalace da reza, a karkace yankan kaɗan, sannan a haɗa bakin biyu da siririn salatif ta bayan zaren, ba ta fuskar da murya take ba. Daga nan a zura biro a ramin, a naɗe a hankali. Na yi duka, sai dai ban lura ba zaren ya murɗe sau ɗaya kafin in liƙe. Da aka kunna, sai muryar ta fito kamar mai magana a cikin tulu. Tsohuwar ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, me ya sami Sani?" Ashe ba waƙa ba ce. Ɗanta ne da ke Ikko ya yi mata magana a kaset ya aiko, kamar yadda mutane ke yi a lokacin. Maigida ya karɓa ya gyara da kansa. Da ta tafi ya ce mini, "Kai yaro, in waƙa ce sai mu ba ta wani. Wannan guda ɗaya ne a duniya. Kafin ka taɓa kaset, fara tambaya na wane ne." Ban manta da aikin rezar ba. Maganar ƙarshen ce na yi sakaci da ita daga baya.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai rediyo mai baki biyu, wato mai ɗaukar kaset biyu, ɗaya yana karantawa ɗaya yana ɗauka. Akwai makirufo, da lasifika babba da muke ratayewa a ginshiƙin rumfa, da batirin mota don lokacin da aka ɗauke wuta, da auduga da sifirit na goge kan rediyo. Kaset ɗin da aka fara ɗaukar waƙa a kai muna kiransa uwa, waɗanda ake kwafa daga gare shi su ne 'ya'ya. Ba a kwafar ɗa daga ɗa, sai dai mai ha'inci, don kowane kwafi yana cin wani abu daga muryar ya ƙara mata shuuu. Da an gama ɗaukar uwa, sai a ɓalle 'yan haƙoran da ke bayanta, don kada wani ya danna bisa kuskure ya goge.

Dannawar da kuke rainawa, ga yadda take. In wuta ta yi ƙasa kana tsakiyar kwafi, injin ya rage gudu, sai zabiya ta koma ƙaton namiji. In kan rediyo ya yi datti, kiɗan ya dushe, mai saye ya dawo maka da shi gobe yana zagi. In ka cika ƙara, murya ta fashe, in ka rage, direba ya ce ba ya ji a kan hanya. Saboda haka zama ake yi da kunne a buɗe daga farkon kaset har ƙarshe, ko da ka ji waƙar sau ɗari. Akwai waƙoƙin da har yau in na ji su sai ƙugu ya riƙe ni.

Mai gyara mana inji Okoro ne, Inyamuri mai shagon kayan gyara a layinmu. A Daura ya girma, Hausa a bakinsa kamar ta kakata. In ya buɗe rediyo ya ga ƙura sai ya ce, "Lawwali, wannan inji ne ko rumbun gero? Ka bari damina ta zo mu yi shuka a ciki." Shi ke canza mana bel, wato 'yar robar da ke juya kaset, kuma da kunne yake gane bel ya saki tun kafin mu mu gane.

Masu saye kowa da halinsa. Direbobi suna son mai ƙara da kiɗa mai zafi don kada barci ya ɗauke su. Bafulatani ba ya saye sai ya tsaya jingine da sandarsa ya saurari fuska ɗaya har ƙarshe, sannan ya ce a juya. Mutanen ƙetaren iyaka sukan shigo ta Mai'adua su ɗauki kwali guda, su ɗaure a bayan babur. Kaset ɗin wa'azi da na karatu a kanta ta sama suke zama, ba a haɗa su da na kiɗa, kuma ba a ɗora komai a kansu. Tsofaffi kuwa ba sa cewa suna son waƙa. Sai mutum ya zo ya zauna ya yi ta hirar farashin taki, can ya ce, "Wai wancan mai kukumar na Baure yana nan da rai kuwa?" Ka gane abin da ya kawo shi ke nan.

Abin da ya raba shagonmu da sauran shi ne Alhamis. Duk Alhamis bayan la'asar makaɗa sukan zo su zauna a rumfar shago su yi wasa, mutane su cika titi, masu rake da masu gyaɗa su kafa tire. Ana kiran magariba ake ajiye kiɗa, ko da a tsakiyar baiti ne. A nan ake fitar da sabon kaset. Mawaƙi zai rera farkon sabuwar waƙar da bakinsa, sannan ya ɗaga mini hannu, in kunna ta a lasifika, jama'a su ji cewa abin da ke cikin kaset shi ne abin da ke bakinsa. Kafin a watse, kwalin farko ya ƙare.

Ɗaukar waƙa kuwa da safe ake yi, a cikin shago, ƙofa a rufe. Mukan rataya barguna da buhunan algarara a bango don kada murya ta dawo. Makirufo ɗaya ne, saboda haka da mutane ake gyara sauti. Mai waƙa a kusa, 'yan amshi a bayansa, mai kalangu can lungu don kada ya danne kowa. A aika a roƙi mai injin niƙa na bayanmu ya dakata, a kori awaki daga bakin ƙofa. In komai ya yi tsit sai in danna, in ce, "To, bismillah," su fara. Wannan muryar tawa a kan uwa kaɗai take zama. Mai aiki da tsabta yakan wuce ta kafin ya fara kwafi, don ba muryar mai shago aka zo saye ba.

Yanzu ga maganar jan zare. Yawancin waƙoƙin makaɗanmu na mutane ne. Kowane mawaƙi yana da ubangida, wanda yake yi wa waƙa, shi kuma yake ɗaukar nauyinsa. Al'ada ita ce, in an yi wa mutum waƙa, shi zai fara jin ta a ƙofar gidansa kafin kowa. Ba don girmamawa kaɗai ba. Mawaƙi yakan sa zambo a kan abokan hamayyar ubangidansa, ya ambaci dangi, ya faɗi dukiya, kuma ba duk abin da ke tsakanin manya ya sani ba. In ubangida ya saurara sai ya ce, "Bar wannan, cire wancan." In an cire, a sake ɗauka, sannan ya sallame ta ta shiga kasuwa. Maigida Ɗan'azumi ya yi wa wannan doka alama. Duk uwar da mai ita bai sallama ba, ana naɗe ta da jan zare a ƙulle. Mawaƙin ne ke ƙullawa, kuma shi kaɗai ke kwancewa. Kaset mai jan zare ba ya shiga inji. Na yi shekaru ina ganin haka har Maigida ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya bar mini shagon.

Isuhu mai kukuma daga wani ƙauye yake a ƙasar Baure. Dogo ne siriri, ya girme ni nesa ba kusa ba, ba ya son hayaniya in ba yana kiɗa ba. Shi ya fi kowa cika mana titi ranar Alhamis. Ubangidansa Alhaji Barau ne, falken shanu a Mai'adua. Shi ke auna masa hatsin shekara, shi ke ba shi ragon layya, shi ya yi wa ɗakunansa rufin kwano. Isuhu yana da iyali da yawa, gonarsa kuwa ba ta kai ta kawo ba. Kukumar nan da ƙofar gidan Alhaji Barau su ne abincinsu.

Alhaji Barau yana da abokin gaba a kara, wato kasuwar shanu, ana ce masa Alhaji Tsoho. Tare suka tashi, tare suka fara fatauci, daga baya wani ciniki ya raba su har ba sa gaisawa. Duk Mai'adua an san ana raɗe-raɗin cewa Alhaji Tsoho ya taɓa ɗura wa wani sa ruwan kanwa don cikinsa ya cika ya yi kyan gani a kasuwa. Ko gaskiya ne ko sharri ne, Allah ya sani.

Shekarar da nake magana, damina ta ɗauke tun gero bai yi ido ba. Manomi da ba shi da abin tuwo ba ya sayen kaset. Kasuwa ta mutu, kwalaye suka yi ƙura, kuma wata rana aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone mini inji, sai da Okoro ya yi ta fama kafin ya tashi. A shekarar ne Alhaji Barau ya tafi aikin Hajji. Bayan tafiyarsa Isuhu ya zo da yaransa muka rufe ƙofa, ya ɗauki waƙar da zai yi masa maraba da ita. Ban taɓa ɗaukar abu mai kyan wannan ba. A tsakiyarta akwai baitin da ke cewa:

Wani ya ɗura wa sa ruwan kanwa,
Kafin a kai shi gida ya rame,
Barau, naka kiwo ne.

'Yan amshi suna ta danne dariya har aka gama. Isuhu ya ciro jan zare daga aljihu ya naɗe kaset ɗin, ya ƙulle da haƙori, ya miƙo mini.

"Lawwali, ga amanar Alhaji. Zan ƙetara Damagaram wasan Sallah. Kafin alhazai su sauka na dawo."

Na ce, "Baba Isuhu, wannan baitin na kanwa fa, ai sai an kwana ana dariya a kara."

Ya ce, "In ya bar shi. Wataƙila ya ce a cire. Nasa ne."

Babbar Sallah ita ce kakar mai kaset. Ko a shekarar yunwa, wanda ya sayar da akuya yakan so sabon abu ya kunna wa baƙi. Mutane suna ta zuwa suna tambaya, "Ba sabo?" Ina cewa babu, suna wucewa shagon gaba. Ga kuma sabo a kanta, wanda ya fi duk abin da ke garin. Na ce wa kaina waƙar yabo ce, wa zai ƙi a yabe shi? Na ce Alhaji Barau da Alhaji Tsoho ai ba sa ga maciji, zambon zai yi wa Alhaji Barau daɗi. Ana jajibirin Sallah na sa reza na tsinke zaren.

Ina cikin kwafi Okoro ya leƙo ya ga guntun zaren a kan tebur. Ya ɗauka ya juya shi.

"Isuhu ya dawo ne?"

Na ce, "Yana hanya."

"Hanya ce ta kwance wannan?"

Na ce, "Okoro, je ka sayar da bel ɗinka. Me ka sani a waƙar Hausa?"

Ya ce, "Ban san waƙa ba. Amma tun ina yaro nake ganin Ɗan'azumi yana korar mutane a kan zaren nan. Ni na gyara injin, kada a ce da hannuna a ciki." Ya ajiye zaren ya fita.

Saboda gaggawa ban ma tsaya na wuce muryata ba. Yadda uwar take haka na juye ta. Kaset ɗin ya tafi kamar ana rabon kyauta. Kafin naman layya ya ƙare, ana jin sa a teburin mai shayi, a tasha, a bayan babura a hanyar Baure, yara suna rera baitin kanwa a lungu.

Yadda abin ya faru Audu direba ne ya ba ni labari, wanda aka aika Kano ya ɗauko Alhaji Barau daga filin jirgi. Ya zo shago washegari ya jefa mini kaset ɗin a kan tebur.

"Karɓi tsiyarka. Ka kusa sa a kore ni daga aiki."

Na ce, "Rediyo ya tauna ne?"

"Da ma ya tauna! Na je ɗaukar Alhaji, sai na gan shi riƙe da hannun Alhaji Tsoho. Na murza ido. Ashe a can suka haɗu, a filin Arfa, suka rungumi juna suna kuka, suka yafi juna. Alhaji ya ce Tsoho ya sallami motarsa, tare za su shiga gari kowa ya gani. Suna baya suna cin dabino, suna yayana, ƙanena. Mun wuce Kazaure na ce bari in faranta wa maigida rai, na ce, Alhaji, ga marabar da Isuhu ya yi maka, duk gari ita ake ji. Ya ce, wace maraba? Na danna."

Na ce, "Ba ka kashe ba da aka zo wurin?"

"Ina tuƙi ina bin waƙar da baki, ni na ma manta wanda ke bayana! Sai da na rera naka kiwo ne, na ɗaga ido na ga fuskar Alhaji Tsoho a madubi. Alhaji Tsoho ya ce, Audu, tsaya. Na tsaya. Ya ce, Barau, ashe da ka riƙe hannuna a Arfa ka bar wannan a gida yana jirana. Alhaji yana rantsuwa bai taɓa jin ta ba. Tsoho ya ce, waƙarka ta shiga kasuwa ba ka sallame ta ba? Yaushe aka fara haka a ƙasar nan? Ya sauke jakarsa da jarkar zamzam ɗinsa a bakin titi, ya ce mu tafi."

Ka ga, al'adar da na karya ita ce ta zama shaida a kan Alhaji Barau. Ba wanda zai yarda waƙa ta fita ba da izinin mai ita ba, domin ba a taɓa yi ba.

Isuhu ya dawo daga ƙetare bai san komai ba, ya wuce Mai'adua da yaransa da kukumarsa don yin maraba. Alhaji Barau bai bari ya ɗora baka a kan tsirkiyar kukumar ba. A gaban jama'a ya ce masa, "Waƙar da direbana ya haddace kafin ni ba tawa ba ce. Ka kai ta kasuwa, kasuwa ta riƙe ka." Isuhu bai ambaci sunana ba. An ce cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, bakina ne ya rera," ya saɓa kukumarsa ya fito.

Daga can shagona ya zo. Ina ganinsa na miƙe na ba shi kujera, bai zauna ba.

"Ina zaren?"

Na buɗe akwatin tebur na ɗauko guntayen. Ya karɓa ya duba bakin yankan.

"Da reza ma. Ko wahalar kwancewa ba ka yi ba."

Na ce, "Baba Isuhu, shekarar ce ta matse ni."

Ya ce, "Ni a wace shekara nake?" Ya sa zaren a aljihu ya tafi.

Abin da ya kamata in yi a ranar a fili yake. In hau mota in je Mai'adua, in tsaya a gaban Alhazan biyu in ce ni ne, Isuhu ya ɗaure, Alhaji bai ji ba, ni na tsinke. Ban je ba. Na ji tsoron kada makaɗa su daina ba ni uwa in magana ta fito, na ce bari ƙura ta lafa. Maimakon haka sai na shiga bin masu shayi da direbobi ina karɓar kaset ɗin ina ba su wani. Aikin banza ne. Shagunan gaba sun riga sun kwafa daga nawa, na ƙetare sun kwafa daga nasu. Lokacin da na yi ƙarfin halin zuwa, an yi damina biyu. Alhaji Tsoho ya saurare ni har na gama, ya ce, "Barau ne ya aiko ka? Ka makara, kuma bai iya zaɓen ɗan aike ba." Alhaji Barau kuwa ya ce ya ji, Allah ya kyauta, amma ya riga ya ɗauki wani makaɗi. Har suka bar duniya ba su sake gaisawa ba.

Isuhu bai sake samun ubangida ba. Wane babban mutum zai ɗauki mawaƙin da aka ce yana sakin waƙa ba izini? Ya koma bin bukukuwan ƙauye da kasuwanni, yaransa suka watse, manyan 'ya'yansa suka tafi ci-rani. Makaɗa kuma, ko da ba su faɗa ba, sun gane. Alhamis ta riƙa raguwa, yau mutum biyu, gobe ɗaya, har na daina fitar da tabarma. Mutane suna cewa faifan sidi ne ya kashe shagona, daga baya kuma waya. Sun dai zo sun tarar da shi a kwance.

Na je ƙauyensu ba sau ɗaya ba. Yakan karɓe ni, a kawo mini ruwa, mu gaisa, in na ɗauko maganar sai ya tambaye ni labarin ruwan sama a Daura. Sai wata shekara, ya tsufa sosai, ya aiko mini cewa zai zo ranar Alhamis, in fitar da tabarma in haɗa makirufo. Da ya iso na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Tashi, Lawwali, gemunka ya yi fari, kada mutane su ce bashi nake bin ka. Waƙar nan nake so in gyara kafin in mutu. Zan rera ta yadda Alhaji zai ce a yi da an tambaye shi. Ka ɗauka, ka ba mutane wannan."

Labari ya zaga, titi ya cika kamar da. Okoro ya rufe shagonsa ya kawo benci. Ba 'yan amshi, ba kalangu, daga shi sai kukumar. Muryar ta tsufa amma ba ta karkace ba. Ya yabi Barau, ya yi masa addu'a, ya kawo har wurin baitin. Da ya iso sai ya rufe bakinsa, ya bar kukumar kaɗai tana tafiya, don ya tsallake wurin.

Jama'a suka ɗauka. Daga bakin rumfa har tsallaken titi, tsofaffi da matasan da ba a haifa ba lokacin da aka yi abin, suka rera baitin kanwa da murya ɗaya, suna tafi, suna dariya. A zatonsu gajiya ya yi ya ba su wuri su taya shi. Isuhu ya ci gaba da jan bakan har suka kai ƙarshe. Sannan ya ɗora kukumar a cinya, ya juyo ya dube ni.

"Kashe injin, Lawwali. Ba ta gyaruwa."

Bai ƙara rera komai ba, ya nemi a kai shi tasha tun kafin magariba. Bai ga wata damina ba.

Uwar tana nan a akwatina. Na sake naɗe ta da jan zare, ko da yake ba ni da ikon ƙullawa, kuma wanda zai kwance ba ya nan. Kwanan baya ɗaya daga cikin samarin nan na tasha ya zauna a rumfata yana latsa waya, ya ce, "Baba Lawwali, kai da ka san tsofaffin kaya, ka san wannan? Tana tafiya sosai, jiya ma na tura wa mutane da yawa." Ya kunna. Shuuu ɗin ya yi yawa, an kwafa daga kwafi har ba iyaka kafin ta shiga waya. Amma kafin kukumar ta shigo, wata murya ta ce, "To, bismillah."

Yaron ya ce, "Wannan na farkon kullum yana ba ni dariya. Ko wane ne?"

Na ce, "Mai shagon ne."

"Ka san shi?"

Na ce, "Na san shi. Kafin ka sake tura ta, zauna in gaya maka ta wane ce."